Kaka Ta Yi, Ruwa Na Ja Baya: Darasin Da Ke Cikin Fatsa

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Durbi a birnin Katsina da safiyar Asabar a irin wannan lokaci na kaka, da wuya bai ci karo da su ba. Yara ne biyu ko uku, wani ya saɓa kara an ɗaura masa zare da ƙugiya, wani riƙe da gwangwanin tumatir cike da tana, sun nufi bayan gari inda damina ta bar kududdufai. Kafin la'asar za su dawo, wani da 'yan karfasa a leda, wani kuwa hannu rabbana, ana ta yi masa dariya.

Mu ma mun yi wannan yawo muna yara, kuma a lokacin mun ɗauka sa'a ce kawai ke raba mai kamu da mara kamu. Ashe ba haka ba ne. Kifi ba ya yawo barkatai. Ruwa yake bi, da abinci, da lokaci. Wanda ya iya karanta waɗannan ukun ya kusa zama masunci, kuma abin da kuke koyo a ajin nazarin halittu da labarin ƙasa shi ne dai ke gudana a bakin ruwa.

Me ya sa sai kaka?

Kogunan jihar Katsina, irin su Gada da Karaduwa da Bunsuru, na damina ne. Daga watan Yuni zuwa Satumba sukan cika, su malala cikin fadamu. Da sabon ruwa ya shigo, tarwaɗa sai ta bi shi har cikin ciyayin da ya shanye, ta zuba ƙwai a can. 'Ya'yan kifi suna samun abu biyu a cikin ciyawar: abinci mai yawa, da maɓoya daga manyan kifaye da tsuntsaye.

Idan Oktoba ta shigo, ruwan sama ya ɗauke, fadama ta fara tsanewa, dole kifi ya biyo ruwa baya zuwa gurabu masu zurfi da madatsun ruwa. Ya ci ya ƙoshi duk damina, ga shi kuma wurin zamansa ya ƙanƙance. Shi ya sa kaka ke yi wa masunta daɗi a madatsar Ajiwa da ke ba birnin Katsina ruwan sha, da ta Zobe kusa da Dutsin-Ma wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, da ta Jibiya a kan kogin Gada. Amma lokacin ba ya daɗewa. Zafin jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki ne, don haka da hunturu ya kankama ruwa ya yi sanyi, karfasa takan rage cin abinci, mai fatsa ya daɗe zaune zare bai motsa ba.

Akwai kifin da ba ya bin ruwa baya: gaiwa. Tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan tafki ya ƙafe, sai ta shige cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta kwanta watanni har wata daminar.

Can a bakin tekun Amurka

Abin mamaki, a daidai watannin nan, daga Satumba zuwa Nuwamba, masu fatsa a gabashin Amurka su ma suna cikin lokacinsu mafi daɗi. Ba su da damina da rani irin namu, sanyi ne ke koro musu kifi. Akwai wani babban kifi mai ratsi-ratsi a jiki daga kai zuwa wutsiya, wanda suke kira bas. Ana ƙyanƙyasarsa a koguna masu ruwan daɗi, musamman waɗanda ke zuba a mashigin Cesafik da kuma kogin Hodsin na jihar Niyok, sannan ya fita teku ya girma. Yana iya wuce kilo 30, wato shi ne giwan ruwansu. Da bazara yakan yi arewa, idan ruwa ya fara sanyi kuma ya juyo kudu, yana bin garken ƙananan kifaye dab da gaɓa.

Tare da shi akwai shuɗin kifi, mai haƙora kamar reza, ɗan'uwan tsage na kogin Kwara da Binuwai a wajen hali. Yakan datse zare da cizo ɗaya, shi ya sa ake sa masa ɗan siririn waya kusa da ƙugiya. Saboda kifayen biyu suna matsowa bakin gaɓa a wannan lokaci, ba sai mutum yana da jirgi ba. A wurare irin su Montok, a ƙarshen wani dogon tsibiri na jihar Niyok, mutane kan tsaya kan duwatsu ko cikin yashi su yi ta jefa fatsa cikin igiyar ruwa.

Teku mai cika da janyewa

Ga babban bambancinmu da su. Mu ruwanmu sau ɗaya yake cika a shekara, ya ja baya sau ɗaya. Teku kuwa a yawancin gaɓoɓi sau biyu take yin haka kowace rana, har a Legas. Ruwa yakan yi kusan awa 6 yana haurowa, ya yi kusan awa 6 yana janyewa. Dalili shi ne ƙarfin jan da wata ke yi wa ruwan duniya, rana kuma tana taimaka masa. Idan wata da rana da duniya suka jeru a layi ɗaya, wato lokacin tsayuwar sabon wata da kuma daren 14 ko 15, cikar takan fi girma. Kuma kullum lokacin cikar yakan jinkirta da kusan minti 50, kamar yadda fitowar wata ke jinkirta kowane dare.

Mai fatsa a bakin teku ba ya fita sai ya duba jadawalin cikar ruwa, domin ruwa mai tafiya shi ke kwaso ƙananan kifaye da ƙaguwa, manya kuma su laɓe inda zai wuce. Masuncinmu bai taɓa ganin wannan jadawali ba, amma ya san a bakin rafin da ke zuba cikin madatsa ake samun kifi. Dukansu sun san asuba da almuru sun fi tsakar rana. Dukansu suna kallon tsuntsaye: can tsuntsayen teku ne ke faɗawa ruwa, nan kuwa inda zalɓe ya tsaya ya ƙura wa ruwa ido, akwai abin da ya gani.

Kifi ma yana ƙarewa

A ƙarshen shekarun 1970 Amurkawa suka lura bas yana ɓacewa, saboda yawan kamu da gurɓatar kogunan da yake haihuwa. A 1984 majalisar ƙasar ta yi dokar kare shi, a 1985 jihar Meriland ta hana kama shi ƙwata-ƙwata, ba a sake buɗewa ba sai 1990. Masunta da yawa sun ji jiki, amma a 1995 aka tabbatar kifin ya farfaɗo. Da aka saki jiki sai ya sake raguwa, har a 2023 aka ƙara tsananta ƙa'ida: mai fatsa a teku kifi ɗaya zai tafi da shi a rana, kuma tsawonsa ya kasance tsakanin kimanin santimita 71 da 79. Wanda bai kai ba a mayar ya girma, wanda ya wuce a mayar, domin manyan mata ne suka fi zuba ƙwai.

Kada ku ce wannan dabarar Turawa ce. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ba a yin su a Matan Fada sai lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa ne ke sa ido. Hutun da ake ba ruwan shi ke sa a fito da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Nijeriya ma tana da dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa tun 1992. Ta hana amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. Duk da haka, wa bai taɓa ganin yara suna jan gidan sauro a kududdufi ba? Gidan sauro ba ya barin komai, har kifin da bai kai ɗan yatsa ba. Uwar karfasa a cikin bakinta take riƙe ƙwai har su ƙyanƙyashe, idan ka kama ta a haka ka kama ɗaruruwa, amma ɗaya za ka ci. Mai zuba maganin ƙwari a ruwa kuwa ya fi kowa ɓarna: ya kashe kifi, ya sa wa dabbobin da ke shan ruwan guba, sannan ya kai wa mutane kasuwa. Idan kifin gida ya ƙare, sai mu koma dogaro da na ƙanƙara da ake shigowa da shi daga waje, wanda farashinsa ke bin dala.

Iya ruwa fidda kai

Ba za mu rufe ba sai mun yi maganar da iyayenku ke yi kullum. Kududdufin da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini ba shi da gangare, taku ɗaya ke raba ruwan gwiwa da wanda ya shanye kai, ga laka mai riƙe ƙafa. Kada ɗayanku ya je shi kaɗai, kada a je ba da sanin gida ba, kuma ƙugiya in ta maƙale a bar ta, ba ta kai rai ba. Idan wani ya faɗa, a miƙa masa kara ko igiya ko jarka a kira manya, kada wanda bai iya ruwa ba ya bi shi.

Sai tsargiya. Ƙwayoyinta suna fitowa ne daga ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwa mai kwanciya, su huda fatar mai wanka ko mai tsayuwa a ciki. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa, cuta ce, kuma maganinta yana asibiti. Tsayawa a gaɓa da fatsa ya fi shiga ruwa da koma.

Ga ɗan aiki ga masu sha'awa, maza da mata. Ku ware littafi ɗaya. Duk kifin da kuka kama, ko aka sayo a gida, ku rubuta sunansa, da tsawonsa da rula, da ranar, da inda ya fito. Ku tambayi mai sayarwa ko na madatsa ne, ko na kiwo, ko na ƙanƙara. Ku tambayi kakanninku irin kifin da suke gani da, wanda yanzu ba a gani. Zuwa ƙarshen zango ku kai wa malamin nazarin halittu, ku haɗa da na abokanku ku ga abin da zai fito. Da irin wannan rubutu masana suka gane bas yana ƙarewa tun kafin ya ƙare.