Naman Fakara: Daga Tarko Zuwa Akushi

 Ga kaka ta yi, an girbe gero, an cire gyaɗa, dawa kuma ta nuna. A irin wannan lokaci ne maigida kan dawo daga gona da tsuntsu rataye a kafaɗa, ko kuwa yaro ya shigo a guje yana murna tarkonsa ya kama. Sai a miƙo wa uwargida, a ce ta gyara. To, yau a kan wannan tsuntsu za mu yi magana, watau fakara, wadda a waɗansu wurare ake kira makwarwa.

Ni kaina da fakara na fara jin kunyar girki a gidan miji. Ina amarya, ban cika wata biyu ba, ƙanen maigida ya kawo guda biyu. Na fige, na yanyanka, na jefa cikin mai kamar yadda ake yi wa 'yar budurwar kaza, na kai wa surukata ina taƙama. Tsohuwa ta ɗauki cinya ta ja, ta sake ja, ta ajiye. Ta ce, "'Yar nan, zo. Wannan kaza ce ko fakara?" Na ce, "Fakara ce, Inna." Ta ce, "To, ita wannan tun da aka ƙyanƙyashe ta gudu take yi, ba ta taɓa kwana a akurki ba. Ba a yi mata gaggawa." Ta sa na mayar da naman tukunya, ta zauna a gefen murhu tana nuna mini. Abin da na koya a ranar, da wanda na ƙaro daga baya, shi zan zayyana muku.

Wace ce fakara?

Fakara ba ta kai kaza girma ba, namijin da ya ƙoshi bai wuce kimanin rabin kilo ba. Launinta irin na ƙasa ne da ɗige-ɗige, shi ya sa in ta lafe a ciyawa sai ka kusa taka ta ba ka gani ba. Namijin yana da tsini biyu kamar ƙaya a bayan kowace ƙafa. Abincinta hatsin da ya zube, da gyaɗa, da 'ya'yan ciyawa, da gara da sauran ƙwari. Da sassafe da kuma yamma namijin kan hau suri ko kututture ya yi ta kuka da kakkausar murya. Ta fi dogara ga ƙafa bisa ga fiffike. Sai an matsa mata ƙwarai take tashi fir, ta yi ɗan nisa kaɗan ta sauka, ta ci gaba da gudu. A ƙasa take ƙwai, cikin ɗan gurbi a gindin ciyawa.

'Yan makaranta sukan gamu da sunan wani tsuntsu a littattafan Turanci, wanda Turawan Ingila ke kira fezant. Ku sani danginsu ɗaya da fakara, da kazar gida ma. Asalinsa daga ƙasashen Asiya ne, aka kai shi Turai tun zamanin da. Namijin yana da doguwar wutsiya da launi mai walƙiya, tamatar kuwa launin ƙasa gare ta kamar fakararmu. A Ingila akwai doka tun 1831 wadda ta ƙayyade lokacin harbinsa, daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu, domin a bar shi ya yi ƙwai ya reni 'ya'ya. Al'adarsu kuma in sun harbo shi sukan rataye shi kwanaki a wuri mai sanyi, da gashinsa, har naman ya yi laushi. Wannan dabara ta ƙasar sanyi ce. Wadda ta gwada ta a zafinmu, ruɓaɓɓen nama za ta ba iyalinta.

Yadda ake kamu

Kamun fakara aikin maza ne da samari, amma ya kamata mace ta san yadda aka yi, gama ita ce za ta zuba wa yara a kwano. Hanyoyin da muka gada ba su da yawa. Akwai zarge, wanda a da ake yi da gashin wutsiyar doki, yanzu kuwa da zaren roba, a ɗana a hanyar da take bi zuwa gona ko bakin ruwa, a barbaɗa hatsi. Akwai kifa kwando a tokare shi da ɗan itace. Akwai kora da karnuka da sanduna. Sa'an nan akwai bindiga. Kowanne da wahalarsa, kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wanda ya ɗana tarko lalle ya riƙa dubawa safe da yamma. In ya tarar da ita da rai, sai ya yanka ta da bisimilla kamar kaza. In ya tarar ta mutu a tarkon, ta zama mushe, ba ta halatta ba, kuma ba a san awa nawa ta yi a rana ba. Kada tausayin wahalar yaro ya sa ki karɓa.

Akwai kuma wata hanya da malalata suka ƙago, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami yau. Sukan jiƙa hatsi da maganin ƙwari na gona su watsa, tsuntsaye su ci su faɗi, a bi a tsince, a yanka wuya don a ce yankakku ne, a kai bakin hanya. Da irin waɗannan magunguna, kamar Gammalin 20, an daɗe ana kashe kifi a rafuka ta wannan hanya. A 2009 ƙasashen duniya suka amince a daina amfani da gubar da ke cikin wannan magani wajen noma, saboda illarta ga jikin mutum. Amma masu mugun hali ba su rasa wani maganin ba. Ki riƙe wannan da kyau: wuta ba ta kashe irin wannan guba. Ko kin kwana kina dafawa, tana nan.

Saboda haka, in saye za ki yi, ki sayi mai rai, idonta garau, a yanka a gabanki. In yankakkiya ce, sai daga hannun wanda kika sani. Ki dubi ƙafa ko wuya ko akwai sawun zarge, ki dubi jiki ko akwai raunin harbi. In babu ko ɗaya, ki tambaya yadda aka kama ta. In kin buɗe jakar da ke wuyanta, inda take tara hatsi, kika ji warin magani, ki haƙa rami ki binne ta duka, kada ko kare ya ci. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In kuwa tsautsayi ya sa an ci, kika ga amai, ko jiri, ko dalalar yawu, ko jijjiga, to asibiti nan da nan, a tafi da ragowar naman. Kada a tsaya ɗura manja ko madara, domin waɗansu gubobin maiƙo ne ke ƙara musu saurin shiga jiki.

Haka kuma tsuntsun da aka tsinta matacce a daji, ko wanda aka kama da hannu saboda ya kasa gudu, ba abin ci ba ne. Cutar murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, kuma takan kama mutum. Ki hana yara taɓa irin wannan, kada kuma a shigo da shi kusa da kajin gida.

Gyara

Kada fakara ta kwana ba a cire kayan cikinta ba. Ki tsoma ta a ruwan zafi wanda bai kai ga tafasa ba, na ɗan lokaci kaɗan, gama fatarta ba ta da kauri, ruwan da ya tafasa yakan saluɓe ta. Ki fige, ki babbaka a harshen wuta, ki tsaga ciki a hankali. Ki cire hanji ki zubar. Hanta da zuciya da ƙundu ana ci, amma ki yi hattara da matsarmama, in ta fashe ɗacinta ya ɓata naman. Ki wanke da lemon tsami da gishiri. Wuƙa da faranti da hannuwanki duka a wanke da sabulu kafin ki taɓa wani abinci.

In da bindiga aka harbo ta, ki bi kowace ƙofar rauni da bakin wuƙa, ki ciro ƙwayoyin harsashi, ki yanke naman da ya yi baƙi a kewaye ki yar. Yawancin ƙwayoyin nan na dalma ne, dalma kuwa guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400. Ƙwayar harsashi ba ta kai wannan ba, amma ƙananan ɓurɓushinta kan saura a nama ido bai gani ba. Don haka mai ciki da ƙananan yara, gara a ba su ta tarko bisa ga ta bindiga.

Kafin ki ɗora tukunya, ki san shekarunta. Ki danna ƙarshen ƙashin ƙirji da yatsa. In ya lanƙwasa, ƙarama ce. In ya yi tauri, tsinin ƙafar namijin kuma ya yi tsawo da kaifi, tsoho ne. Ƙarama ta gashi ce, tsohuwa ta romo.

Farfesun fakara

Ga abin da za ki tanada don fakara 2: albasa 2, attaruhu 3, tattasai 2, tafarnuwa sala 4, citta ɗan gutsure, kanumfari 4, masoro kaɗan, kimba 1, daddawa, gishiri, da man gyaɗa cokali 3.

Ki yanka kowace gida huɗu. In tsohuwa ce, ki jiƙa ta cikin nono mai tsami awa ɗaya a wuri mai sanyi, ko ki naɗe ta da ganyen gwanda da kika ɗan murje, domin dukansu suna sa nama laushi. Ki ɗauraye. Ki zuba mai a tukunya, ki soya albasa ɗaya, ki sa naman ki juya har ya yi ja sama-sama kawai. Sa'an nan ki zuba dakakken kayan yaji da jajjage da daddawa, ki zuba ruwa ya ɗan rufe naman. Da ya tafasa sai ki janye itace, ki bar garwashi, ki rufe. Ki ba shi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi yana ɓararraka a hankali, kina ƙara ruwan zafi in ya ja. A ƙarshe ki yanka ɗayar albasar a kai. Dalilin wannan jira shi ne fakara ba ta da kitse, jijiyoyinta kuma sun yi ƙarfi saboda gudu. Wuta mai ƙarfi tana ƙanƙance naman, mai sauƙi kuwa tana narkar da jijiyar ta koma romo. Mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Kada ki nemi gajeriyar hanya da kanwa mai yawa, tana kashe ɗanɗano.

Wannan romo yana tafiya da waina, ko sinasir, ko gurasa, yana kuma buɗe bakin mai jego da wanda ya tashi daga ciwo. In iyali suna da yawa tsuntsu kuwa ɗaya ne, ki zuba naman da romonsa cikin miyar taushe ko ta kuka, kowa ya sami rabonsa.

In gashi za ki yi, ki tsaga ƙaramar ta baya ki buɗe ta, ki shafe ta da man shanu ko man gyaɗa, ki ɗora bisa garwashi nesa da harshen wuta, kina juyawa kina ƙara shafa mai, gama in babu mai bushewa za ta yi kamar itace. Da ta kusa sai ki barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli. Ki soka wuƙa a cinya kusa da ƙashi. In ruwan da ya fito fari ne, ta nuna. In da sauran ja, a mayar. Wadda ta tsufa ƙwarai kuwa, ki dafa ta ligif, ki cire ƙashi, ki daka, ki soya dambu, ya yi wa yara guzurin makaranta.

Duk abin da na faɗa ya hau kan zabon daji, sai dai shi ya fi girma, saboda haka a ƙara masa lokaci da kayan yaji.

Don gobe

Tsofaffinmu suna cewa a da daga bayan ganuwa ake jin kukan fakara. Yanzu gonaki da gidaje sun cinye daji, ƙunar daji tana cinye gurbi da ƙwai, guba kuma tana kashe uwa da 'ya'ya gaba ɗaya. An keɓe wurare irin dajin Yankari na Jihar Bauci, wanda aka kafa a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962, inda aka hana farauta. Amma tsuntsun da ke bayan gidanmu ba shi da mai gadi sai mu.

Mace tana da hannu a nan fiye da yadda take zato. In yaro ya kawo miki ƙwan fakara ko na zabuwar daji, kada ki yaba masa, ki nuna masa miyar baɗi ce ya kwaso. In ya kama uwa mai jan 'ya'ya, ki sa ya sake ta. In kuma marmarin naman ne ya dame ki, ki sayi ƙwan zabuwar gida da damina ki sa wa kaza ta kwanta, cikin kwana 26 zuwa 28 za ta ƙyanƙyashe miki. Zabon gida daga na daji ya samo asali, ɗanɗanonsu kuma bai yi nisa da juna ba.

'Yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata da ba su sami karatun boko ba wannan shafi, musamman maganar guba. Wadda kuma take da wata hanyar dafa fakara irin ta garinsu, ta rubuto mana mu ƙaru. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a abin da muke ci. Sai mako mai zuwa.