Sirrin Ofis da Amanar Aure a Finafinai Biyu

A cikin finafinan 2025 da na kalla, na leƙen asiri ne ya fi faɗin gaskiya kan soyayya. A "Black Bag" na Steven Soderbergh, an bai wa George, jami'in leƙen asirin Birtaniya, mako guda ya gano maci amana cikin mutum biyar, har da matarsa. Babu tseren motoci. Teburin cin abinci ne fagen daga.

"Materialists" na Celine Song kuwa, labarin mai dalilin aure ne a New York, inda ake auna miji da albashi da tsawo. Ƙarshensa bai ba ni mamaki ba.

Duk hadimin da ya taɓa komawa gida ɗauke da maganar da ba zai iya faɗa wa iyalinsa ba, zai fahimci shirun George.