Kafin a Ɗaure Noti, a Dubi Ƙasa

Zaman waje ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a san fanka, a tsakar gida ake shan iska, a ƙofar gida ake hira, a gindin darbejiya ake yanke shawara. Abin zaman ne ya sauya. Tabarma da buzu ba su da rigima da ƙasa, duk inda aka shimfiɗa su bin ta suke yi, tudu ko kwari. Kujera da tebur kuwa ƙafafu gare su, kuma ƙafa ba ta miƙewa ko ta gajarce don ta dace da wuri. Yau ga bencin kafinta, ga kujerar mai walda, ga ta roba, ga kuma waɗanda ake shigowa da su a kwali, tebur da kujeru da laima, kowane a wargaje, da ƙullin notuna da 'yar takarda mai zane.

Wannan dabara ta sayar da kaya a wargaje, kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ne ya yaɗa ta a duniya. Kamfanin na ba da labarin cewa a 1956 wani ma'aikacinsa, Gillis Lundgren, ya cire ƙafafun wani tebur don ya shiga mota, daga nan tunanin ya samo asali. Dabarar ta rage kuɗin dako, amma ta ɗora wa mai saye aikin ƙarshe. Takardar da ke cikin kwalin za ta nuna maka wane noti ke shiga wace kafa. Ba za ta tambaye ka a kan me za ka ajiye kayan ba, domin wanda ya zana ta daɓe shimfiɗaɗɗe yake hange. Shi ya sa idan tebur ya fara rawa, sai a zargi kamfani ko mai walda, alhali sau da yawa matsalar tana ƙarƙashin ƙafa.

Duk macen da ta taɓa girki a murhu ta san abin da masana lissafi ke faɗa da dogon bayani: duwatsu uku kan riƙe tukunya daram ko da ƙasar ba ta daidaita ba. Abu mai ƙafa uku ba ya rawa. Ƙafa ta huɗu ce ke kawo magana, don ita sai an yi sa'a take samun wurin taka. Daga nan ne ƙa'idar haɗa kaya ta fito, kuma ita ce na fi so mai karatu ya riƙe. A haɗa kayan a wuri mafi daidaito a gidan, baranda ko falo mai siminti, ba a inda za a zauna ba. A zura dukkan notuna, a murɗa da hannu kawai, kada a sa sifana tukuna. Sai a tsayar da teburin a kan ƙafafunsa, a danna shi daga sama har kowace ƙafa ta zauna, sannan a ɗaure kaɗan-kaɗan, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke kallonta. Wanda ya ɗaure notin farko tamau zai tarar kafar na ƙarshe ta goce. Wanda kuma ya ɗaure a kan ƙasa mai gargada, ya kulle karkatar ƙasar nan a jikin teburin, ko ina aka kai shi daga baya da ita zai tafi. Akwai gwaji mai sauƙi: a auna da igiya daga ƙafa zuwa ƙafar da ke kusurwar nesa, a sake aunawa ta ɗaya ɓangaren. In tsawon ya zo ɗaya, teburin bai murɗe ba.

Idan teburin lafiya yake amma ya yi rawa a tsakar gida, kafin a nemi kwali a cusa masa, a gwada juya shi a inda yake. Marubucin lissafi Martin Gardner ya yi maganar wannan a mujallar Scientific American a 1973, sannan a 2005 wasu masana, cikinsu har da Burkard Polster na Jami'ar Monash a Ostireliya, suka kawo hujjarsa a rubuce. Tebur mai gefe huɗu daidai da juna, mai ƙafafu tsawo ɗaya, in ana juya shi a hankali, kafin ya cika rubu'in zagaye zai sami inda ƙafafun huɗu suka taka, matuƙar gangaren bai yi tsanani ba. Ba lallai samansa ya miƙe sak ba, amma rawar za ta tsaya. Dabarar tana so ƙasar ta kasance mai hawa da sauka a hankali. Inda akwai tsini ko gaɓa, kamar bakin tayil da ya ɗago, tana iya ƙi.

Yashi shi ne babban mai cin ƙafar kujera, kuma mutanen Daura, Damagaram, Maraɗi da arewacin Yobe sun fi kowa sani. Lissafin a fili yake. A ce mutum mai kilo 80 ya zauna a kujerar ƙarfe da kowace ƙafarta faɗinta santimita 2 ne ta kowane gefe. Nauyinsa duka ya taru a murabba'in santimita 16, wato kilo 5 a kan kowane ɗaya. A sa wa kowace ƙafa guntun katako mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyin da ke danna kowane murabba'in santimita na yashin ya ragu sau 25. Abin ya fi muni idan ƙafar bututu ce mai buɗaɗɗen baki, don ita yankan ƙasa take yi tana nutsewa, kuma ba a tare ƙafafun ke nutsewa ba. Na baya sukan riga, sai kujerar ta kifa da mai zama. Na damu da wannan ƙwarai saboda tsofaffi, su ne ake ba kujera a wajen biki ko zaman makoki, su ne kuma faɗuwa ke yi wa illa. Duk mai ba da aikin kujerar waje ga mai walda, ya ce a like mata farantin ƙarfe a ƙasan kowace ƙafa, ko a haɗa ƙafafun da sanda kwance yadda nauyi zai bazu. Kuɗin da za a ƙara kaɗan ne.

A gabashin Borno, wajen Dikwa da Ngala, akwai baƙar ƙasar nan ta firgi da ake shuka masakwa. Da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare. Bencin da aka kafa ya miƙe a watan Janairu zai iya karkacewa a Agusta ba tare da kowa ya taɓa shi ba. A irin wannan wuri sai an kwashe saman ƙasar, an zuba tsakuwa ko marmara an kirɓa sosai, kafin a yi maganar ajiye abu mai nauyi.

Jar ƙasa da aka daɓe ta fi waɗannan biyun amana. Iyayenmu mata sun san aikinta, da madaɓi da ruwan makuba suke mayar da tsakar gida sumul. Abokiyar gābar katako a nan ita ce gara, sai laima da ke hawa ta ƙasan ƙafa, inda jijiyar itacen ta buɗe baki tana zuƙar ruwa. Ƙirya da azarar giginya suna jure wa gara, amma fararen katakan da aka fi yin benci da su ba sa kai labari. A shafe ƙasan ƙafar da maganin katako, a ɗora ta a kan dutse ko guntun tayil, kada ta taɓa ƙasa. Da yawa baƙin mai suke shafawa. Yana taimakawa, sai dai yana ɓata tufafi, yana kuma shiga ƙasar da yara ke wasa a kai, don haka ba na ba da shawararsa a cikin gida.

Siminti da tayil sun fi sauƙin sha'ani, duk da magini nagari da gangan yake ba su ɗan gangare, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don ruwa ya wuce. Kayan da ke da ƙafa mai murɗawa a ƙasa, nan amfaninta yake. Haɗarin tayil santsi ne. Kujerar roba ƙarfinta yana ga ƙafafunta su kama ƙasa. A kan tayil sai su baje, musamman wadda rana ta riga ta gasa har ta yi fari. Masu ba da hayar kujeru suna haɗa biyu a ba mai jiki, kuma suna da gaskiya. Ta ƙarfe kuwa, in robar ƙafarta ta cire, a mayar, in ba haka ba ta karce tayil ta bar tabon tsatsa. A kan intalok, siririyar ƙafa kan faɗa tsakanin duwatsu biyu. A kan ciyawa kuwa, ban ruwan kullum ne ke tausasa ƙasa ya ruɓar da katako.

Saura maganar iska. Hadarin farkon damina kan taso daga gabas da ƙura, cikin 'yan mintoci ya kai ga yaye kwano. Babbar laimar da ke tsakiyar tebur, in ta kama wannan iskar, da teburin za ta tashi. A naɗe ta duk lokacin da aka tashi daga zama. Rumfa da lilon ƙarfe kuma sai an kafe su. A kan siminti mai kauri ana huda shi a sa notin da ke buɗewa a ciki, nesa da baki don kada ya tsage. A kan intalok kada a yaudari kai a ɗaure a jikin dutse guda, domin a kan yashi yake zaune, iska za ta ɗaga shi tare da ƙafar rumfar. Sai a cire duwatsun wurin, a haƙa rami, a zuba kankare, a binne gindin ƙarfen a ciki bayan an shafa masa jan fenti. Haka ma a yashi da jar ƙasa. Kankare yakan ɗauki kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da injiniyoyi ke aunawa, kuma yana buƙatar a riƙa jiƙa shi a makon farko. Wanda ke son rumfarsa ta tsaya a iskar Mayu da Yuni, tun a Maris ya kamata ya kira magini.