Ɗan haya a filin makaranta: Wa ake cuta?

Da zarar an yanke gero an kai dawa gida, filin makarantarmu ta sakandare, a wani ƙauye tsakanin Bichi da Ɗambatta, yakan cika maƙil da yamma. Lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta makarantu ke nan.

Ina da wani aboki mai tsaron baya, ɗan shekara 15, wanda ya yi wata biyu yana atisaye kullum bayan ya taso daga roron gyaɗa a gonar mahaifinsa. Ranar wasan kusa da na ƙarshe, sai ga wani ƙato ya sauka daga acaɓa, gemunsa sabon aski, aka miƙa masa rigar abokin nawa. Kowa ya san ba ɗalibinmu ba ne. Malamin wasanni ya ba abokina haƙuri, wai kofi ake nema. Mun ci wasan, amma makarantar da muka fitar ta kai ƙara, aka kore mu daga gasar. Ɗan hayar ya karɓi kuɗinsa ya koma birni, malamin ya ci gaba da aikinsa. Abokina kuwa bai sake ɗaura takalmin ƙwallo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar wasan yara ce ta ƙauye. Irin wannan cuta ta sha jawo wa Najeriya abin kunya. A 1989 hukumar FIFA ta dakatar da ƙasar nan shekara biyu daga gasannin matasa, bayan ta gano ranakun haihuwar Samson Siasia da Andrew Uwe da Dahiru Sadi da aka gabatar a gasar Olamfik ta 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. Har damar karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 aka ƙwace mana.

A 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, har aka buga wasu wasannin a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, FIFA ta fara amfani da na'urar MRI. Ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu. Idan ya gama haɗewa, alama ce ɗan wasa ya wuce shekarun. A 2016 'yan wasan Golden Eaglets 26 suka faɗi wannan gwaji dab da karawa da Nijar. Nijar ta fitar da mu, alhali mu ne muka ɗauki kofin duniya a 2015.

A ƙauyukanmu babu na'ura. Yara da yawa a gida aka haife su, ba su da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, don haka takardar rantsuwa ta kotu kan wadatar a zaftare wa mutum shekara huɗu. Amma ai mun san juna. Mun san wanda aka yi wa kaciya tare da yayanmu, mun san wanda ya gama makaranta tun bara waccan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda hukunci ke sauka. Babba ne ke shirya maguɗin, yaro ne ke shan kora. Ya kamata masu shirya gasa su riƙa neman rajistar aji da hoton kowane ɗan wasa tun kafin a busa usur, a kuma dakatar da malamin da ya kawo ɗan haya, ba ɗalibai kawai ba.

Mu ɗalibai ma da namu laifin, domin mu ne muka yi ta tafi ranar da aka cire wa abokina riga. Har da ni. Idan kakar bana ka ga baƙuwar fuska cikin rigar makarantarku, tambayi ajin da yake.