Kwalekwale a Kan Ɗakin Tafiya

A Amurka da Kanada akwai matafiya da ke ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura, da gado da murhu a cikinsa, su nufi tafkunan da ke nesa da gari. Kuma da yake ɗakin ya cinye gurbin kaya duka, sai mas'ala ta taso game da inda za a sa kwalekwalen da ake kira kayak, wanda asalinsa na mutanen Inuwit ne, mafarautan ƙasar ƙanƙara.

Galibi a kan rufi ake ɗaure shi, gaba da baya saboda iska, alhali rufin ya riga ya haura mita 3 daga ƙasa, saboda haka ɗaga abu mai kimanin kilo 25 zuwa can, mutum yana kan tsani, hatsari ne na haƙiƙa, balle ga dattijo. Wajibi ne kuma direba ya san tsayin motarsa, domin jihohin Amurka da dama sun ƙayyade iyakar tsayi a ƙafa 13 da inci 6.

A ganina hikimar Johann Klepper, telan Rosenheim ta Jamus, wanda ya soma ƙera kwalekwale mai naɗewa a 1907, ita ta fi maslaha, gama ana zuba shi cikin jaka a shigar da shi ɗaki.

Ko wane irin kwalekwale ne dai, a jihar Montana ta Amurka doka ta wajabta tsayawa a tashar bincike, don kada a kai baƙuwar katantanwar ruwa tafkin da ba ta isa ba.