ƘARAMAR BINDIGA A AMURKA: TSAKANIN TA SOKEWA A ƘUGU DA TA KOYON HARBI

Duk mai kallon finafinan Amurka ya saba ganin jarumi ya zura hannu cikin kwat, ya zaro wata 'yar bindiga da ba ta wuce tafin hannu ba, ya harba sau ɗaya daga nesa, abokin gaba ya faɗi warwas. A zahiri, cikin dukkan bindigogi babu mai wuyar sarrafawa kamar ƙaramar fistol, kuma iya ƙanƙantarta iya wuyarta. Wannan ita ce matsalar da ke gaban Ba'amurken da ya shiga kantin sayar da makamai yana neman bindiga ɗaya da za ta yi masa aiki biyu, wato ya riƙa ɗaukar ta a ɓoye a jikinsa kullum, ya kuma riƙa zuwa filin koyon harbi da ita a ƙarshen mako. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce bayyana wa mai karatu dalilin da ya sa ayyukan nan biyu suke cin karo da juna, da yadda ake sasanta su.

Abin da doka ta ce

Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 shi ne ya ba 'yan ƙasar 'yancin mallakar makami, amma ɗaukar bindiga a ɓoye cikin jama'a ya daɗe yana hannun jihohi, kuma da yawansu sun ƙuntata shi. A 1987 jihar Florida ta yi dokar da ta wajabta wa hukuma ba da lasisi ga duk wanda ya cika sharuɗɗa, jihohi da dama suka bi sahunta, har ta kai ga Illinois, wadda ita ce ta ƙarshe, ta buɗe ƙofa a 2013. A 2022 Kotun Ƙolin ƙasar, a shari'ar da aka fi sani da Bruen, ta rushe ƙa'idar jihar New York mai cewa sai mutum ya kawo dalili na musamman kafin a ba shi lasisi. Zuwa 2024 jihohi 29 sun daina ma neman lasisin gaba ɗaya. Duk da haka mai saye daga dillali mai rajista sai an binciki tarihinsa, kuma lasisin wata jiha ba lallai ya yi aiki a wata ba.

Kada mai karatu ya ɗauka haka abin yake a nan gida. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sanya fistol da libarba cikin rukunin haramtattun makamai, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu tana ƙarƙashin Sufeto Janar na 'yan sanda, adaka kuwa tana ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wanda aka kama da fistol babu izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Saboda haka zancen da ke tafe na Amurkawa ne da kasuwarsu.

Girma da nauyi

Masu ƙera fistol sun kasa ta gida uku ko huɗu. Akwai babba, irin ta soja da 'yan sanda, misali Glock 17 da Gaston Glock ya ƙera wa sojan Ostiriya a farkon shekarun 1980, mai cin harsashi 17. Akwai matsakaiciya, wadda fitacciyarta ita ce Glock 19 ta 1988: tana cin 15, bututunta milimita 102 ne, nauyinta babu harsashi kusan giram 670. Sai ƙanana, irin su Smith & Wesson Shield ta 2012 da Glock 43 ta 2015 mai cin 6 kacal. A can ƙasa kuma akwai 'yan aljihu, kamar Ruger LCP ta 2008, wadda nauyinta bai kai giram 300 ba.

A da, ƙa'idar ita ce idan ka rage girma ka rage yawan harsashi. Kamfanin SIG Sauer ya girgiza wannan ƙa'ida a 2018 da ya fito da P365, wadda kaurinta kusan inci ɗaya ne, nauyinta kimanin giram 500, amma tana cin harsashi 10. Shekara guda bayan haka Springfield ya kawo Hellcat, ƙirar ƙasar Kuroshiya, mai cin 11. Tun daga nan kasuwar ta karkata ga irin waɗannan. Wani abin mamaki shi ne doka ma ta taɓa sa hannu a wannan ƙanƙancewa: daga 1994 zuwa 2004 gwamnatin tarayya ta hana ƙera wa farar hula gidan harsashi mai ɗaukar fiye da 10, sai kamfanoni suka ga tunda goma ce iyaka, gara a ƙera bindigar da ba ta fi girman goman ba. A wannan zamani ne Glock 26 ta fito.

Me ya sa ƙarama ta fi wuya?

A nan ne 'yan uwanmu na sashen kimiyya za su ji daɗi, domin dokar Newton ta uku ce ke aiki. Idan albarushi ya tunkuɗa harsashi gaba, da irin wannan ƙarfin yake tunkuɗa bindigar baya. Wannan tunkuɗa ita ce shurin bindiga. Mu ɗauki harsashi mai milimita 9, nauyinsa kusan giram 7.5, yana fita da gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa. Idan daga bindiga mai giram 670 ya fita, za ta dawo baya da gudun kusan mita 4 a daƙiƙa. Idan kuwa mai giram 500 ce, sai ta haura mita 5, kuma bugun da zai sauka a hannu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Harsashin iri ɗaya ne, nauyin ƙarfen da ke shanye shurin ne ya ragu.

Ba a nan ta tsaya ba. Mariƙin ƙaramar bindiga gajere ne, sau da yawa ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama, sai ya rage yatsu biyu ne ke riƙe da ita a ƙarƙashin kunama. Ga shuri ya ƙaru, ga riƙo ya ragu. Sai kuma maganar saiti. A saman fistol akwai alamomi biyu, ɗaya a baki ɗaya a baya, waɗanda mai harbi ke daidaitawa da abin da yake nufi. Idan tazarar da ke tsakaninsu milimita 150 ce, kuskuren milimita ɗaya a ido yakan zama kusan santimita 7 a nisan mita 10. Idan tazarar ta koma 125, kuskuren ya zama santimita 8. Bambancin kamar ba yawa, amma idan ya haɗu da rawar hannu da fizgar kunama, sai a ga harsasai sun watsu ko'ina a kan takarda.

Babbar illar tana cikin zuciyar mai harbin. Wanda bindiga ta saba buga wa hannu yakan fara tsarguwa tun kafin ta tashi, sai ya danna bakinta ƙasa a daidai lokacin da yake jan kunama, ba tare da ya sani ba. Daga nan sai zuwa filin harbi ya zame masa wahala, ya harba ashirin ya naɗe kayansa, wata mai zuwa ma ya ƙi komawa. Ga shi ɗauke da makami cikin kasuwa da gidan mai, alhali rabonsa da gwada shi an yi wata shida. A ganina wannan shi ne haɗarin da ya fi kowanne cikin zaɓen, domin harsashin da ya kuskure ba ya ɓacewa a iska, wani wuri yake sauka, kuma a gaban alƙali mai harbin ne zai amsa.

Ta ɗaya ɓangaren, babbar bindiga mai daɗin harbi tana da nauyi, tana jan wando, tana tokare haƙarƙari idan an zauna a mota. Abin da ke tona asirinta a ƙarƙashin riga kuwa mariƙin ne, ba bututun ba, domin bututun yana kwance cikin wando, mariƙin ne ke turo tufafi. Mutumin jihar Minnesota mai sanyi da ke yawo cikin jibgegiyar riga yana iya ɓoye abin da mutumin Florida mai 'yar shara ba zai iya ba. Wanda ya gaji da nauyi sai ya fara barin ta a gida, kuɗinsa ya tafi a banza. Shi ya sa matsakaiciya irin Glock 19 ta daɗe tana zama ma'aunin da ake gwada sauran da ita, kuma shi ya sa kamfanonin da suka yi tseren ƙanƙancewa suka dawo suna tsawaita mariƙi, kamar yadda aka gani a Glock 43X da P365 XL, duka a 2019.

Libarba ma tana da magoya baya. Ƙaramar da Smith & Wesson ya fara ƙerawa a 1950 mai cin 5 ba ta da rikitarwa, ba ta cika cijewa ba, amma kunamarta na da tauri, kuma sake ɗura ta na cin lokaci.

Wane harsashi?

An sha doguwar muhawara a kan wannan, kuma tarihin hukumar FBI ya isa misali. A ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'anta suka yi musayar wuta da wasu 'yan fashi biyu a Miami, aka kashe jami'ai biyu aka raunata biyar. Ɗaya daga cikin 'yan fashin ya ci gaba da harbi bayan harsashi mai milimita 9 ya shige shi ya tsaya dab da zuciya. Hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin, ta koma ga mai milimita 10, daga baya ga .40 S&W wanda ya fito a 1990. Bayan shekaru fiye da ashirin sai ta yi kome: ƙirar harsashi ta inganta, kuma ta lura jami'anta sun fi samun saiti da sauri da mai milimita 9 saboda sauƙin shurinsa. A 2016 ta ba Glock kwangilar sababbin bindigogi masu cin wannan harsashi, wanda Georg Luger ya ƙirƙiro tun farkon ƙarni na 20. Ga mai koyo akwai ƙarin riba, domin cikin harsasan kare kai shi ne mafi araha, kuma wanda zai harba ɗaruruwa a wata dole ya duba aljihunsa. Wasu ma kan haɗa da bindiga ta biyu mai cin ɗan mitsitsin harsashin nan .22 don atisaye kawai. Glock 44 da aka fito da ita a ƙarshen 2019 girmanta ɗaya da Glock 19 saboda wannan dalili.

Kube, kunne da ma'aji

Filayen harbi da dama a Amurka suna ba da hayar bindigogi, don haka mai hankali yakan gwada uku ko huɗu kafin ya zaro kuɗi. Abin da zai duba shi ne ko yatsansa na kaiwa kunama ba tare da ya karkatar da riƙo ba, ko yana iya ja da murfin saman baya da ƙarfin hannunsa, da kuma inda harbinsa na biyu ke sauka bayan na farko. Tsawon yatsu ya bambanta, abin da ya dace da miji ba lallai ya dace da matarsa ba.

Kube kuwa ba ado ba ne. Bindigogi irin su Glock ba su da makullin da ake turawa da babban yatsa, saboda haka kube mai tauri da ya rufe kunama ruf shi ne kariya. Sokewa a wando haka kawai, kamar yadda ake yi a fim, ita ce hanyar da mutane ke harbin cinyarsu, kuma lokacin mayar da bindiga cikin kube, idan gefen riga ya shiga gaban kunama, yana cikin lokutan da aka fi yin haɗari. A filin harbi dole a toshe kunne, domin ƙarar fistol takan kai kimanin desibel 160, alhali daga 140 ji na iya lalacewa nan take. A filayen da ke cikin gini akwai kuma ƙurar dalma, shi ya sa ake wanke hannu kafin a ci abinci.

Saura inda za a ajiye ta idan an dawo gida. Alƙaluman hukumar CDC sun nuna mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka a 2021, kuma fiye da rabinsu, 26,328, su ne suka kashe kansu. Ƙaramar fistol mai sauƙin ɓoyewa tana da sauƙin ɗauka ga yaro ko ga matashin da ke cikin damuwa, kuma hannun ɗan shekara huɗu na iya jan kunamarta. Don haka malaman harbi ke sanya ƙaramin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba ko zanen yatsa cikin lissafin kuɗin tun ranar saye, tare da kube da harsasan atisaye da kuɗin darasi.