Shin ƙaura tana rage yawan haihuwa?

Hare-haren 'yan bindiga sun raba dubban iyalai da ƙauyukansu a ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda da dama suka koma Funtuwa da Katsina da Kano.

Abin tambaya shi ne, ko yaran da za su tashi a birni za su hayayyafa kamar iyayensu?

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na shekarar 2018 ya nuna cewa mace a jihar Katsina takan haifi 'ya'ya 7.3 a matsakaicin lissafi, adadi mafi yawa a ƙasar. Matan karkara a Najeriya kan haifi 5.9, na birni kuwa 4.5.

Misali daga Isra'ila

Tarihin Yahudawan da suka ƙaura zuwa Isra'ila bayan kafa ta a 1948 na iya ba da haske a kan wannan batu.

A shekarun 1950, matan da suka fito daga ƙasashe irin su Yaman da Maroko da Iraƙi kan haifi 'ya'ya fiye da biyar, yayin da waɗanda suka fito daga Turai ba su kai uku ba.

Amma 'ya'yansu da aka haifa a can sun yi makaranta tare, sun kuma yi auratayya. Kafin ƙarshen ƙarni na 20, ɓangarorin biyu sun haɗu a kusan 'ya'ya uku.

Sai dai Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, waɗanda ke da makarantunsu daban kuma suke aure da wuri, sun ci gaba da haihuwar fiye da shida.

Makaranta ce ma'auni

Wato sauya mazauni kaɗai ba ya sauya girman iyali. Abin da ya fi tasiri shi ne karatun 'ya mace da shekarun da take yin aure.

Binciken na 2018 ya nuna haka a Najeriya: matan da ba su yi boko ba kan haifi 6.7, waɗanda suka wuce sakandare kuwa 3.4.

Bayan sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamban 2020, an rufe makarantu da dama a yankin na tsawon lokaci.

Idan 'yan gudun hijira ba su sami gurbi ga 'ya'yansu mata a makarantun birni ba, da wuya alkaluman su sauya.